Jinin Babbar Ma'aikaciya

Idan ka tambayi mutanen asibitin nan wane ne Ma'auni, kowa da irin amsarsa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Nas-nas sun ce mutum ne da zai maido maka da kwalbar gwaji tun daga ƙarshen baranda, don kawai ka manna takardar suna a karkace. Direban motar marasa lafiya ya ce ya taɓa rage masa hanya, tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gidansa bai ce uffan ba, sai da ya sauka ya zagaya motar sannan ya leƙo ya ce, "Tayar baya ta hagu tana son iska." Likitar yara, wadda ta fi kowa aika masa aiki, cewa take in Ma'auni ya ce ƙwayar cuta kaza ce, to ita ce, ko ita kanta ƙwayar ba ta isa ta musa ba. Matarsa kuwa ta ce duk kaɗan suka gani, su zo gida su ga yadda yake ɗaga kofin shayi ya haska shi a taga kafin ya kurɓa.

Mai gadi ne kaɗai yake faɗin nasa a taƙaice.

"Mutumin kirki ne," in ji shi, "amma sai in kai tunkiya ne."

Ba ba'a yake yi ba. A bayan ɗakin gwaje-gwajen da Ma'auni yake shugabanta, tsakanin tankin ruwa da katanga, akwai wata 'yar rumfar kwano, a ciki akwai tunkiya fara mai baƙin kunne ɗaya. Ma'aikata suna ce mata Babbar Ma'aikaciya, don ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa neman hutu ba, kuma da jininta ake aiki.

Dalili shi ne, ƙwayoyin cutar da ke kama maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira sitireb, masu tsirfa ne wajen abinci. A ɗakin Ma'auni 'yan sarƙa ake ce musu, saboda in aka rina su aka duba a madubin ƙara girma, sai a gan su ƙulu-ƙulu sun jeru kamar sarƙar wuya. Ba sa yarda su tsiro sai a kan farantin da aka zuba wa aga, wani gari da ake dafawa ya huce ya daskare, an gauraya shi da jinin tunkiya. A kan jan farantin nan suke nuna halinsu. Wasu suna cinye jinin da ke kewaye da su tas, har ka hango yatsanka ta ƙasan faranti. Waɗannan su ake tsoro. Wasu kore-kore kawai suke mayar da shi, kuma yawancinsu 'yan gida ne, babu bakin da ya rasa su.

Mai zuba farantan ita ce Auta, ƙanwar matarsa. A gidansa ta tashi tun tana 'yar firamare. Shi ya koya mata riƙe alƙalami, daga baya ya koya mata riƙe wayar shuka, 'yar siririyar wayar nan mai zobe a kai da ake ƙonawa a wuta kafin a ɗebo ƙwayoyin cuta da ita. Ta je ta yi karatunta ta dawo da takardarta, aka ba ta bencin kusa da taga. Ita ke dafa aga, ita ke ɗiban jinin tunkiya, ita ke shuka abin da aka shafo daga maƙogwaron marasa lafiya. A wurin aiki Yallaɓai take ce masa, a gida Yaya. Bai taɓa yaba mata a gabanta ba, amma matarsa ta gaji da jin cewa farantin Auta ko kumfa ɗaya ba a samu a kansa.

Ana nan sai Babbar Ma'aikaciya ta fara tari.

Ma'auni yana da huɗuba guda da kowa ya haddace: ba a shan maganin kashe ƙwayoyin cuta sai an yi gwaji. Ya taɓa karɓe kafso daga hannun wata nas a tsakiyar baranda, ya tsayar da ita yana karanta mata illar abin har shayinta ya huce. To shi ne, da sassafen ranar da zai tafi wani taro a wani gari, ya zagayo bayan tanki da jakar tafiyarsa a kafaɗa, da kwalbar fenisilin, irin maganin kashe ƙwayoyin cutar nan, ta shagon maganin dabbobi a aljihu.

"Riƙe mini kanta," ya ce wa mai gadi.

Mai gadi ya riƙe. Ya dubi kwalbar, ya dubi sirinji.

"Yallaɓai, an yi mata gwajin?"

Ma'auni ya dube shi ta saman tabarau.

"Tambaya kawai na yi. Don ni da na yi tari bara, ruwan ɗumi ka ce in sha."

"Kai kana da baki, kana iya faɗin inda ke maka ciwo. Ita fa?"

Ya zuƙo magani, tunkiya ta sake yin tari, ya dube ta, ya ƙara zuƙowa. Ya soka mata a cinya, ya shafa mata kai, ya mayar da kwalbar aljihu.

"Ba ka ga komai ba."

"Ni da idona ke yaji tun asuba," in ji mai gadi.

Bai daɗe da tafiya ba Auta ta buɗe firij ta tarar wutar da aka ɗauke jiya ta lalata jinin da aka ajiye. Ya yi baƙi ya tsinke. Lokacin ɗibar sabo bai yi ba, amma aiki ba ya jira. Da hantsi ta zo rumfa da allurarta, mai gadi ya sake riƙe kai, ta ɗebi abin da take so daga jijiyar wuya. Bai ce mata komai ba. An ce bai ga komai ba, kuma a lissafinsa allura a cinya aka yi, jini a wuya ake ɗiba, unguwa biyu ce daban. Ran nan Auta ta zuba farantai masu yawa, jajaye, sumul.

Bayan 'yan kwanaki Ma'auni ya dawo daga taro ya fara biyawa ta rumfa. Tari ya tafi. Ya shiga ɗaki da fara'a, bai ko rataye rigarsa ba likitar yara ta faɗo, nas biyu na biye da ita.

"Malam, ko dai yaran garin nan sun daina ciwon maƙogwaro ne ban sani ba? Yaro ya zo da zazzaɓi, maƙogwaro ja wur, ga fari-farin mugunya ko makaho ya gani, in shafo in aiko muku, ku ce babu komai. Na gaba ma babu komai. Ni yanzu in ba su magani ko in ba su haƙuri?"

Ma'auni ya rataye rigarsa. Ya buɗe akwatin ɗumi ya ciro babban gwangwanin da ake kwanar da farantai a ciki. Ana kunna kyandir ne a rufe murfin, in ya mutu da kansa iskar ciki ta zama irin wadda 'yan sarƙa ke so. Ya ciro farantan ɗaya bayan ɗaya yana haska su a taga. Ga layin da waya ta bi nan raɗau. Nan da can wasu ƙwayoyi masu taurin kai sun tsiro, farare ƙatti. Amma 'yan sarƙa ko ɗaya. Babu masu cinye jini, babu ma masu kore.

"Wa ya zuba waɗannan?" ya tambaya, alhali ya sani.

"Ni ce, Yallaɓai."

"Da zafi kika zuba jinin?"

"A'a. Sai da aga ya huce har na iya riƙe kwalbar a tafin hannuna."

"Wayar fa? Kin bari ta huce, ko soya su kika yi?"

"Yallaɓai, ni ma abin ya dame ni. Maƙogwaron ɗan Adam ba ya rasa masu kore. Ina jiran ka dawo ne mu duba tare, don ina ganin..."

"Kina gani." Ya ajiye farantin. "Aga ɗin nan da shi muke aiki tun bara. Tukunyar nan ta girme ki a ɗakin nan. Abu ɗaya ne ya rage, hannu. Daga yau ki koma ɗakin wanke kwalabe, sai hannunki ya tuna abin da aka koya masa."

Nas-nas suka dubi ƙasa. Auta ta kashe wutar bencinta, ta jera wayoyinta a kwalbarsu, ta ce, "To, Yallaɓai."

Da yamma a gida, ita ta kawo abinci, don yayarta na kwance.

"Yallaɓai, ga ruwan wanke hannu."

Ya ɗaga kai. "Nan gida ne."

"Na sani, Yallaɓai. A ƙaro miya?"

Daga ɗaki matarsa ta fito da zane a naɗe a wuya. Kwana biyu ke nan maƙogwaronta ya kama, muryarta ta koma kamar ta ƙofar da ba ta ga mai ba.

"Baban yara, samo mini magani. Ko yawu ba na iya haɗiya."

"Sai an yi gwaji."

"To yi mini."

"Farantan da ke akwai ba abin yarda ba ne. Sai na zuba sababbi da hannuna."

"Wato in zauna ina jiran faranti. Ka kori ƙanwata daga aikinta, ni kuma ka sa ni a layi bayan faranti."

"Ban kore ta ba. Gyara ne."

"Gyara ne, Anti," in ji Auta. "Yallaɓai, a kwashe kwanukan?"

Washegari kafin su fita, Auta ta zaunar da yayarta a bakin taga, ta ce ta yi hamma, ta shafo maƙogwaronta da tsinken auduga. Ta tuna a can ƙasan firij na ɗakin gwaji akwai wani faranti da ya rage daga zubin watan jiya, a naɗe a leda, wanda ɗaukewar wuta ba ta yi wa komai ba. Lokacin da Ma'auni ya zagaya gaida tunkiya, ta shiga ta shuka tsinken a kan tsohon farantin da kuma sabo guda, ta kunna kyandir, ta rufe, ta koma wankin kwalabenta.

Da gari ya sake wayewa ta aika a kira Likita, sannan ta ajiye farantan biyu a gabansa.

"Yallaɓai, maƙogwaro ɗaya, tsinke ɗaya, hannu ɗaya. Wannan lalataccen hannun dai."

Sabon farantin yana nan fayau. Tsohon kuwa ya cika da 'yan ɗige-ɗige kamar kan allura, kowanne da fili tas kewaye da shi.

Duk fushin Ma'auni, ganin haka sai aiki ya motsa masa. Ya jawo kujera. Ya ɗebo ɗigo ɗaya da tsinke, yana kaffa-kaffa kada ya taɓo jinin da ke ƙasa, ya tsoma a ɗigon ruwan gwajin kumfa. Bai yi kumfa ba. Ya shafa wani a gilashi ya rina, ya sa ido a madubi. Ga su nan sun jeru.

"'Yan sarƙa ne," ya ce. "Na wa ne wannan?"

"Na matarka ne."

Ya ɗan yi tari. Likita ta ce ita ba za ta jira komai ba, yau za ta rubuta mata magani.

"Rubuta," in ji shi. "Amma don a tabbatar ko rukunin A ne, wato mafi haɗarinsu, zan sake shuka su in ɗora wannan." Ya ɗauko wata 'yar takarda mai zagaye da hantsaki, ba ta kai farce ba. Muryar darasi ta zo masa. "Kin ga 'yar abar nan, Likita? Maganin da ke jikinta bai kai ƙura ba. Amma in rukunin A ne, ko kusa da ita ba za su tsiro ba. Ba su da juriya ko kaɗan. Shi ya sa nake cewa tsafta, tsafta. To ke," ya juya ga Auta, "tunda tsohon zubi ya yi, sabo bai yi ba, wani abu kika canza."

"Aga ɗaya ne, Yallaɓai. Ruwa ɗaya, tukunya ɗaya. Jinin ne kawai sabo."

"Wane sabo? Lokacin ɗiba bai yi ba."

"Na firij ya lalace da aka ɗauke wuta. Na ɗebi wani. Abin da na so in faɗa maka ke nan rannan."

"Yaushe kika ɗiba?"

"Ranar da ka yi tafiya. Da hantsi."

Hantsakin yana hannunsa, 'yar takardar tana ciki. Ya dube ta. Ya dubi jajayen farantan da ke jere a kan benci, waɗanda kowannensu ya sha fenisilin ɗin da ya fi ƙarfin takarda ɗari. Ta taga ana hango mai gadi yana zuba wa Babbar Ma'aikaciya ciyawa, tana ci lafiya lau.

"Malam?" in ji Likita. "Lafiya?"

"Za a duba," ya ce.

Auta ba yarinya ba ce. Da rana ta zagaya bayan tanki da bokitin kwalabenta.

"Baba mai gadi, yaya tarin Babbar Ma'aikaciya?"

"Ya warke sarai."

"Da me?"

Mai gadi ya sa bayan hannu ya murza ido. "Wallahi 'yata, idon nan nawa..."

"Allah ya ba ka lafiya," in ji ta. Ta gane. Ta kuma ƙudura ba za ta faɗa da bakinta ba.

Shi kuwa Ma'auni ya shiga neman hanyar da zai gyara ɓarna ba tare da ya ambaci sunanta ba. Ya je gidan wani maƙwabcinsa ya aro rago, ya sa shi a kujerar bayan motarsa. Ragon bai saba da mota ba, kafin su iso ya cinye rabin takardun taron da aka je, ya kuma bar shaida a kan kujera. A ƙofar asibiti direban motar marasa lafiya ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, ɗakin gaggawa za a kai shi?" Ma'auni da kansa ya ɗebi jinin, da kansa ya zuba farantai, biyu daga ciki har da kumfa. Washegari 'yan sarƙa suka tsiro, masu kore da masu cinye jini, kowa ya dawo gidansa. Na matarsa ma aka tabbatar rukunin A ne.

Ya je bakin ƙofar ɗakin wanki ya tsaya, hannu a baya.

"Matsala ta wuce. Ki koma bencinki."

"Mece ce matsalar, Yallaɓai?"

"Ta wuce, na ce."

"A gaban mutane aka ce hannuna ne. Jiya wata nas ta ce in ba ta allurar ta ɗebi jinin da kanta, kada in wahala. In ba a san matsalar ba, ai har yanzu ni ce." Ta ɗauraye kwalba ta kife. "Na yi magana da asibitin da ke hayin gada. Suna neman mai zuba faranti. Ƙarshen wata zan koma can."

Da dawowarsa gida ya sayo mata sabuwar farar rigar aiki ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Na gode, Yallaɓai," ta rataye ta da ledarta.

A taron safe na ma'aikata aka tayar da maganar. Mai kula da asibiti, mutum mai son a gama magana da wuri, ya tambayi abin da ya faru. Ma'auni ya ce an samu tangarɗa, an kuma shawo kanta. Sai Auta ta ɗaga hannu daga kujerar baya.

"Ranka ya daɗe, abu biyu ne. Ko hannuna, ko jinin tunkiyar. An ga hannuna ya yi aiki a tsohon faranti. An ga jinin rago ya yi aiki. Ni dai ban san me ke cikin jininta ba."

"Ai shi ke nan," in ji mai kula da asibiti. "Tunkiya ta tsufa. A kira mahauci ya ɗauke ta, a kawo wata."

Ma'auni ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi.

"Ba ta da laifi! Lafiyarta ƙalau. Nan da ɗan lokaci jininta zai washe."

"Ya washe daga me, Malam?" in ji Likita.

Kowa ya juyo ya dubi Ma'auni. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"An yi mata allurar fenisilin."

"Wa ya yi mata?"

"Tari take yi."

"An yi mata gwaji?" Wannan daga bakin nas ɗin da aka taɓa karɓe wa kafso ya fito, cikin ladabi ƙwarai.

"Ni na yi mata," in ji Ma'auni. "Ba a yi gwaji ba. Ban faɗa wa kowa ba. Kada a taɓa ta."

Dariyar da aka yi sai da aka jiyo ta a ɗakin haihuwa. Mai kula da asibiti ya share hawaye ya ce a bar tunkiya ta ci gaba da aikinta. Auta ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Da aka tashi ta koma ɗakin wanki.

Kafin azahar labari ya kai gida. Matarsa, wadda magani ya maido wa murya har da ƙari, ta zo asibiti a kan cewa Likita za ta sake duba ta. Ta same shi a bayan tanki, zaune a kan bulo, yana ba tunkiya ganye ɗaya-ɗaya.

"Baban yara, sannu da ceto."

Ya miƙa wa tunkiya wani ganye.

"Na ji an ce ka tashi tsaye har kujera ta faɗi. Yarinyar da ka goya a kafaɗarka ka kai makaranta ta yi kwana da kwanaki tana wanke kwalabe da laifinka a kanta, kana kallo, kana sayen riga. Amma da aka ambaci mahauci, nan take bakinka ya buɗe."

"Ai na faɗi gaskiya a gaban kowa."

"Ka wanke tunkiya a gaban kowa. Ita me ka ce mata?"

"Ta ji ai. Tana wurin."

"Ta fara haɗa kayanta, in ba ka sani ba. Ta ce hayin gada ya yi nisa da gidanmu, ɗaki za ta kama a can."

Ganyen ya faɗi daga hannunsa.

"Me zan ce?"

"Kai da kake tsayar da mutane a baranda kana musu huɗuba, ni za ka tambaya? Tashi."

Ya tashi. Ta sa shi a gaba kamar mai kai yaro allura. A hanya suka ci karo da Likita, ta ga fuskarsa, ta juya ta bi su. Nas biyu suka tuna suna da kwalaben da za su kai wanki. Mai gadi ya ce bari ya duba famfon wajen, ya ji kamar yana yoyo.

Auta tana tsaye a bakin famfo, hannunta cikin kumfa har gwiwa. Ta waiwayo ta ga ƙofa cike da mutane.

"Yallaɓai, akwai wasu kwalaben ne?"

"A'a." Ya gyara tabarau. "Dangane da abin da ya faru, bincike ya nuna cewa ba daga wajen zubi aka samu..."

"Ba taro ba ne," in ji matarsa daga baya.

Ya matsa kusa, ya sunkuyar da kai, ya faɗi wani abu da ƙarar famfo ta haɗiye.

"Baba mai gadi, ka ji?" in ji matarsa.

"Ni dai idona ne ke ciwo, kunnena lafiya lau, kuma ban ji ba."

Auta ta miƙa hannu ta rufe famfon. Ta kafe shi da ido. Ruwan sabulu yana ɗiga daga yatsunta zuwa ƙasa.

Ma'auni ya ɗaga kai, ya dubi Likita, ya dubi nas-nas, sannan ya dube ta. Da muryar da yake maido da kwalba daga ƙarshen baranda ya ce:

"Auta, hannunki lafiyarsa ƙalau, ya ma fi nawa. Ni na ɓata jinin, na ɗora miki, da na gane kuma na yi shiru. Na zalunce ki. Kada ki tafi, ƙanwata. Ki yi haƙuri, ki yafe mini."